Neman kalmar Hausa: me za mu kira "Anabaptist"?

Salama, jama'a. Ina shirya darasin tarihin ikkilisiya da Hausa don ajin matasa. Na iso kan Felix Manz, ɗaya daga cikin masu wa'azin da 'yan ɗarikar Mennonite ke ɗauka kakanninsu a bangaskiya, sai kalma guda ta tsare mini hanya: Anabaptist.

Ga mutumin tukuna, don ku ga nauyin abin. Manz ɗan birnin Zurik ne a ƙasar Suwizalan, ya san Latin da Helenanci da Ibrananci. Da fari yana tare da Zwingli, jagoran gyaran ikkilisiya a birnin, kafin baftismar jarirai ta raba su. Manz da abokansa suka tsaya a kan cewa sai mutum ya ji bishara, ya tuba, ya furta bangaskiya da bakinsa, sannan a yi masa baftisma. Majalisar birni ta ƙi, ta ba iyaye kwana 8 su kai jariransu a yi musu baftisma. Ranar 21 ga Janairu 1525, a gidan mahaifiyar Manz, abokinsa Conrad Grebel ya yi wa wani abokinsu, George Blaurock, baftisma, Blaurock kuma ya yi wa sauran. Daga nan Manz ya sha kamu, in ya fito ya koma wa'azi a ƙauyuka. A watan Maris 1526 majalisa ta kafa doka cewa duk wanda ya sake yi wa wani baftisma, a nutsar da shi. Ranar 5 ga Janairu 1527 aka ɗauki Manz a kwalekwale, aka ɗaure masa hannuwa a kan gwiwoyi, aka zura sanda a tsakani, aka jefa shi cikin kogin Limmat. Bai cika shekara 30 ba. Mahaifiyarsa na bakin kogin tana ɗaga murya tana ce masa ya jure.

To, abin da ya fara zuwa bakina shi ne "masu sake baftisma", domin asalin kalmar ke nan a Helenanci. Na rubuta, na duba, hannuna ya yi sanyi. Wannan "sake" ɗin ai ita ce tuhumar da aka kashe Manz a kanta. Shi bai taɓa yarda ya sake wa kowa baftisma ba. A wurinsa ruwan da aka zuba wa jariri ba baftisma ba ne, saboda haka wadda yake yi ita ce ta fari. In na sa wa mutanensa wannan suna da bakina, na zauna a kujerar majalisar Zurik ke nan ban sani ba. Malaman tarihi na Jamus ma yawancinsu sun yar da guntun kalmarsu da ke nufin "sake", kuma sunan da jikokin waɗannan mutane ke kiran kansu da shi a Holan ba ya ɗauke da ita.

Da na nemi shawarar jama'a, wani dattijo ya amsa mini cewa a bar ta "Anabaftis" kawai. Baba, na ji, kuma zan ambace ta sau ɗaya don mai son bincike a intanet. Amma yaro a aji zai ji ta ya ɗauka 'yan Baftis ake nufi, alhali su sai bayan 1600 suka fito daga cikin Turawan Ingila.

Wata 'yar'uwa ta kawo "masu baftismar manya". Ta yi daɗin faɗa, sai dai kunnen Bahaushe in ya ji "manya", sarakuna da attajirai yake hangowa, mutanen nan kuwa galibinsu manoma ne da masu sana'ar hannu. Ban da haka, ba shekaru suke ƙirgawa ba, bangaskiya suke nema.

Na so "'Yan'uwa" ƙwarai, don da haka suke kiran junansu. Amma a nan gida sunan yana da mai shi: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923. Dangi ne a koyarwa, tushensu na Jamus ne daga 1708, amma ba su ne mutanen Manz ba, kuma ba na son in cakuɗa wa matasa tarihi biyu. "Baftismar tuba" ma na ajiye ta, ta Yahaya Mai Baftisma ce a Markus 1:4.

Inda na tsaya yanzu: "'yan baftismar masu bi". Tana da ɗan tsawo, na sani, amma ta faɗi abin da mutumin ya koyar, kuma "masu bi" kalma ce da kowane ɗan majami'a ya tashi da ita. "Masu sake baftisma" kuma ba zan zubar da ita ba, zan bar ta a bakin waɗanda suka ƙirƙire ta.

Ga yadda jimlar ta fito a darasin, ku karanta da ƙarfi ku gaya mini ko ta zauna a harshe: "Majalisar Zurik ta kira Felix Manz mai sake baftisma, ta nutsar da shi a kogin Limmat a 1527, shi ne ɗan baftismar masu bi na farko da hukumar birnin ta kashe."