Yadda ake ware y a cikin 3x + 2y = 12

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. An ba mu 3x + 2y = 12, an ce mu bar y ita kaɗai a gefe guda. Ni na samu y = 6 − 3x/2, abokiyar karatuna kuwa ta samu y = 6 − 3x. Wacce ce daidai? Ina kuma son sanin dalilin da ya sa 3x take komawa −3x idan ta tsallaka alamar daidai.

Malam Sani:
Wa'alaikumus salam. Taki ce daidai. A gaskiya babu abin da yake tsallakawa, faɗar malamai ce kawai don taƙaita bayani. Alamar daidai kamar sikeli take: duk abin da aka yi wa gefe ɗaya, tilas a yi wa ɗayan. Idan kika debe 3x daga ɓangarorin biyu, ta hagu za ta ɓace, a dama kuma a samu 12 − 3x, wato 2y = 12 − 3x. Daga nan sai a raba da 2, kuma rabawar ta shafi duk abin da ke dama, da 12 da 3x baki ɗaya. Abokiyarki ta raba 12 ne ta bar 3x yadda take, kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai.

Bilkisu:
Malam ya gama magana, sai dai in ƙara hanyar gwaji. Ki ɗauki x a matsayin 2. Amsarki za ta ba da y = 3, kuma 6 da 6 sun cika 12. Tata za ta ba da y = 0, jimilla 6 kenan. Kada ki gwada da sifili, domin idan x sifili ce, amsoshin biyu duk 6 za su bayar, kuskuren ya ɓuya.

Injiniya Musa:
A kula da lokacin da lambar da ke manne da y take ɗauke da alamar debewa. A 4x − 2y = 10, bayan an debe 4x za a samu −2y = 10 − 4x, kuma da −2 za a raba, saboda haka kowace alama za ta juya, a samu y = 2x − 5.

Hauwa'u:
Na gode ƙwarai. Na bi matakan don ware x, na samu x = 4 − 2y/3.

Malam Sani:
Haka ne. Ki sa y = 3, za ki ga x ta dawo 2.