Abin da masu zuwa Italiya suka ce game da kallon zane da tsofaffin coci-coci

Shawarar da kusan kowa ya maimaita ita ce a sayi tikiti tun kafin a tashi daga gida. Zanen Jibin Ƙarshe (cin abincin Yesu na ƙarshe da almajiransa) na Leonardo da Vinci a birnin Milan, minti 15 kacal ake ba kowane rukuni, kuma tikitin kan ƙare tun saura makonni.

Birnin Fulorans ne ya fi ɗaukar hankalin matafiyan. Gidan tarihin Uffizi a rufe yake ranar Litinin, don haka kada a sa shi a ranar. Wasu sun ce a fara da hawa ƙubbar babban cocin birnin, wadda magini Brunelleschi ya tsara aka kammala a 1436, amma matakala 463 ce, ga hanyar ƙunci, mai ciwon gwiwa gara ya tsaya ƙasa ya ɗaga kai. A ganina gaskiyarsu ce.

Coci wurin ibada ne, ba a shiga kafaɗa ko gwiwa a buɗe. A cocin Sistin da ke Batikan an hana ɗaukar hoto, masu gadi ba sa wasa. Daga Roma zuwa Fulorans kuwa, jirgin ƙasa mai sauri kusan awa ɗaya da rabi ne.