Shin kurkum yana kare mutum daga ciwon daji?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta dage da shan kurkum kullum, domin an ce mata yana kare mutum daga ciwon daji. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sinadarin da ake nufi shi ne kurkumin, wanda ke ba kurkum launin rawaya. A ɗakin gwaji ya rage kumburi, ya kuma dakushe yaɗuwar ƙwayoyin daji, amma hanjin ɗan Adam ba ya tsotse shi sosai, kuma ba a tabbatar da kariyarsa ga mutane ba.

Amsa ta biyu: Hajiya ta ci gaba da zuba kurkum a girki, amma ta guji ƙwayoyin maganin kurkum masu ƙarfi, domin sun taɓa illata hantar wasu.