Shin dole ne mai sayar da dutsen ado ya faɗi gyaran da aka yi masa?

Hajiya, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da magana da nake so masu sana'a da malamai su duba mini, kuma ba zan kama sunan kowa ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. A watan jiya na sayi zoben zinare mai jan dutse don a saka a lefen ɗan yayana, mai shagon ya tabbatar mini cewa yaƙutu ne na gaske. Bayan an kai lefe sai zoben ya yi wa amarya yawa, aka ba maƙeri ya rage shi. Da ya dawo, dutsen nan da yake ja wur kamar garwashi ya dushe, fuskarsa ta yi fari-fari, ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Da na koma wurin mai shagon sai ya ce bai yi mini ƙarya ba, wai kusan duk yaƙutun da ke kasuwa an yi masa gyara, kowa a sana'ar ya san haka, kuma ba aikinsa ba ne ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Wannan magana tasa ce nake so a auna mini.

Alhaji mai shagon zinare, Babbar Kasuwa: Wa'alaikumus salam. Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ban san mutumin ba, ban kuma ga zoben ba, amma rabin maganarsa gaskiya ce, kuma zan tsaya a kanta ko da ba za ta yi wa mutane daɗi ba. Na daɗe ina saro kaya daga Dubai da Bankok, kuma a garin Cantaburi na ƙasar Tailan gasa yaƙutu sana'a ce ta gari guda, kamar yadda rini yake a Ƙofar Mata ta Kano. Ana saka dutsen a murhu mai tsananin zafi domin launinsa ya fito, dusun cikinsa ya washe, kuma idan ya huce haka zai zauna har jikoki su gaje shi. A kasuwannin can, duk yaƙutun da bai zo da takardar shaidar ɗakin gwaji ba, ana ɗaukar cewa an gasa shi, ba wanda zai tsaya yana sanarwa. Mai shadda ba ya ce miki an rine ta an kuma buge ta, haka mai zinare ba ya yi miki lacca cewa karat 18 kashi uku cikin huɗu ne kawai zinare. Sannan akwai abin da sai ɗan kasuwa ne ya sani: ranar da na ce wa mace "an gasa wannan dutse", abin da kunnenta zai ji shi ne "jabu ne", sai ta wuce shagon maƙwabcina wanda ya yi shiru, ta sayi irinsa sak. Ke nan mai gaskiya ya yi asara, ita kuma ba ta tsira da komai ba.

Maƙerin azurfa, Ƙofar Guga: Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka bayyana daban, abin da ya samu Hajiya daban. Yaƙutun da aka gasa kawai ba ya yin fari-fari don an rage zobe. Wanda take nufi shi ne wanda aka ɗura wa gilashi, kuma ya sha biyowa ta hannuna. Asalinsa dutse ne mai rauni, duk jikinsa tsaga, wanda da ba zai shiga zobe ba, sai a narkar da gilashi mai dalma ya bi tsagogin nan ya cike su, ya fito sumul yana ƙyalli. Idan ka ɗora shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma kana juya shi a hankali, za ka ga 'yan kumfa masu kama da ƙwan kifi a cikinsa, wani lokaci kuma wani shuɗin walƙiya ya gifta ta inda tsagar take. Harshen wutarmu yana narkar da gilashin, ruwan tsamin da muke tsoma aiki bayan liƙi yana cinye shi, kai ko ruwan lemun tsami idan ya daɗe a kansa yana dusashe shi. To matar da take matsa lemun tsami a kunu, take wanke-wanke da zobe a hannu, yaya za a ce ba ta da haƙƙin sanin wannan? Kuma mu maƙera mu ne ake kama wa, domin a hannunmu abin yake tonuwa, sai a ce mun ƙona dutse ko mun musanya shi.

Malamar ilimin ma'adinai, Dutsin-Ma: Baba maƙeri ya taɓo inda gizo ke saƙa. Kalmar "gyara" ce take ruɗa mu, domin ta haɗa abubuwan da ba su da dangi. Gasawa zalla, wadda zafinta kan kai digiri 1,800, ba ta ƙara wa dutse wani baƙon abu, kuma ba ta gushewa. Ɗura gilashi mai dalma kuwa ya bazu a kasuwannin duniya ne wajen shekarar 2004, kuma akwai duwatsun da gilashin ya yi yawa a cikinsu har idan ya zube sai su wargaje. Zumurrudu, koren dutsen nan da ake haƙowa a Kolombiya da Zambiya, da kuma nan gida wajen Nasarawa Eggon, galibi ana shafa masa mai ko ƙaro ya shiga tsagoginsa, kuma man yakan bushe ko ya fita da sabulu da ruwan zafi, tsagar ta sake bayyana. Shuɗin dutsen tofas da ke cika shaguna kusan dukkansa fari ne tun asali, haska shi aka yi da na'urar nukiliya sannan aka gasa. A ƙarshen 2001 ma sai da kasuwar duniya ta girgiza lokacin da wasu duwatsu masu ruwan goro suka fito daga Tailan, daga baya aka gano cewa sinadarin beriliyom aka cusa musu da wuta, bayan mutane da yawa sun riga sun saya da tsada. Saboda irin wannan ne ƙa'idar hukumar kasuwanci ta Amurka ta ɗora wa mai sayarwa faɗin gyara a wurare uku: idan gyaran ba mai dawwama ba ne, idan yana bukatar kulawa ta musamman, ko idan yana taɓa darajar dutsen sosai. Zoben Hajiya ya faɗa cikin ukun gaba ɗaya. Ko gasawar da Baba Alhaji yake karewa ba ta kuɓuta daga na uku ba idan dutsen mai kyau ne, domin shi kansa ya san cewa yaƙutu biyu masu kama ɗaya, wanda ke da shaidar ba a gasa shi ba ya fi ɗan'uwansa kuɗi nesa ba kusa ba.

Malam, Unguwar Alƙali: Allah ya saka wa kowa da alheri. Tun kafin Amurka ta rubuta nata, malamanmu sun karantar da wannan a zaure. A babin ciniki na Risala, Ibn Abi Zaid ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi, sannan ya ƙara da hana mai kaya ya ɓoye duk wani abu game da hajarsa wanda idan ya faɗe shi mai saye zai ƙi ta, ko kuma faɗin zai rage mata kuɗi. Alhaji, ka duba maganarka da kanka: ka ce idan ka faɗa, matar za ta wuce wani shago. Ai wannan shi ne ainihin abin da aka ce kada a ɓoye. Hadisin Muslim sananne ne, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu a tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Mutumin nan bai yi ƙarya da baki ba, ruwan sama ne ma ya jiƙa masa kaya, amma shirunsa aka kira algus. Haka wanda ya ƙi tatsar akuya kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a kasuwa: akuyar ta gaske ce, nonon na gaske ne, duk da haka an ba mai saye zaɓin mayarwa. Batun al'adar kasuwa kuwa, gaskiya ne shari'a tana aiki da al'ada, amma wadda mai saye da mai sayarwa duka suka sani. Al'adar Bankok ba ta hau kan Hajiya da ke Ƙofar Marusa ba.

Alhaji mai shagon zinare, Babbar Kasuwa: Allah gafarta Malam, a kan mai gilashi na sallama, ban ma taɓa kare shi ba, kuma wanda ya kira shi yaƙutu kai tsaye ya karɓi kuɗin yaƙutu ya ci haƙƙi. Amma a kan gasawa ina nan daram. Tsakiya, wato jan dutsen adon da kakanninmu mata suke ɗaurawa, wadda ake gado uwa da 'ya, irin dutsenta tun zamanin da ake gasa shi a garin Kambe na Indiya don jansa ya fito, kuma ban taɓa jin an kira ta algus ba. Sannan ku tausaya wa ɗan kasuwa: dutse yakan fito daga ramin Mambila a Taraba, ya bi hannun dillalai ya tafi Tailan, a gasa shi a yanka, ya shiga Dubai a ɗora shi a kan zinare, sannan ya dawo mini a cikin leda ba takarda ba tarihi. Gwajin ƙaramin dutse a ɗakin gwaji yakan fi dutsen kansa tsada. Yaya zan faɗi abin da ni kaina ban sani ba?

Gwaggo dillaliya, Daura: Ɗana Alhaji, ni ban yi boko ba, jikata ce take rubuta mini. Shekaru da yawa ina shiga gidaje da kayan mata, kuma abin da na sani shi ne mace ba don ado kaɗai take sayen zinare ba, ajiya ce ta ranar wuya. Ranar da ta kawo shi sayarwa, ku ne kuke ɓamɓare dutsen ku ajiye gefe, ku auna zinaren zalla, ku ce dutse ba shi da kuɗi. To idan ba shi da kuɗi ranar da za ta sayar, don me ya yi kuɗi ranar da ta saya? Idan kun ce tsadarsa don yaƙutu ne, sai ku faɗa mata wane irin yaƙutu. Haka zobban azurfa da alhazai ke kawowa tsaraba, wani fairuz ɗin, wato shuɗin dutsen da ke kansu, idan ka goga masa auduga da maganin goge farce sai audugar ta yi shuɗi, na gani da idona.

Malam, Unguwar Alƙali: Gwaggo ta gama magana. Alhaji, ba wanda ya ɗora maka sanin gaibu. Abin da ka sani shi za ka faɗa, kuma yanzu a gabanmu ka faɗi abubuwa biyu da ka sani: cewa galibin irin wannan dutse ana gasa shi, da cewa wannan na hannunka ba a gwada shi ba. Ka faɗa wa mai saye su biyun, ka rubuta a rasit, ka fita. Abin da ba ya halatta shi ne ka ce "na gaske ne" ka tsaya nan, alhali ka san abin da ta fahimta ya wuce abin da kake nufi. Misalin tsakiya kuwa bai zama hujja ba, domin ba a taɓa sayar da ita da kuɗi biyu ba, na gasassa da na ɗanya, balle a ɓoye wa mai saye wacce aka ba ta.

Alhaji mai shagon zinare, Babbar Kasuwa: Rubutawa a rasit ba ta gagare ni ba, Malam, amma ba zan fara ni kaɗai in kori masu sayena ba. A kai maganar gaban shugabannin layinmu, idan kowa zai rubuta, ni ne na farko.

Hajiya, Ƙofar Marusa: Na gode muku duka. Gobe in Allah ya kai mu zan koma da zoben, kuma ina roƙon Baba maƙeri ya raka ni da madubinsa, domin mai shagon ya ga kumfar da idonsa. Abin da ya rage mini, Allah gafarta Malam, shi ne dutsen ya riga ya lalace a hannunmu, ba yadda na karɓo shi zan mayar ba. Shin kuɗina duka zan nema, ko bambancin da ke tsakanin yaƙutu da mai gilashi?

Malam, Unguwar Alƙali: Wannan mas'ala ce ta daban, Hajiya, kuma ba a yanke ta da jin ɓangare ɗaya, domin hukuncin wanda ya san aibin ya ɓoye ba ɗaya ba ne da na wanda shi ma aka rufe shi. Ki fara tambayarsa a gaban shaidu ko ya san da gilashin lokacin da ya sayar miki. Ki riƙe rasit ɗin, kada kuma a sake taɓa dutsen, sannan ku zo ku same ni bayan la'asar.