Ƙarfen da ke riƙe rufi: me za mu kira shi?

Jama'a, ina fassara wani bayani kan tsofaffin gidajen jihar Florida ta Amurka, sai na ci karo da "hurricane strap". Siririn ƙarfe ne mai huji-huji. Gefe ɗaya ana kafe shi da ƙusa a jikin katakon rufi, ɗayan kuma a jikin bango, don kada guguwa ta yi gaba da rufin. Ɓarnar guguwar Andrew ta 1992 ce ta sa suka tsaurara dokar gini a kansa. Yawancin tsofaffin gidajensu ƙusa ce kawai da aka buga a karkace ke riƙe da katakon, shi ya sa yanzu ake hawa saman silin ana ƙara ƙarfen ɗaya bayan ɗaya.

Da farko na rubuta "maɗaurin rufi", amma raina bai kwanta ba, don igiya ma maɗauri ce. Wani ya kawo "ɗamarar rufi". Akwai daɗin ji, sai dai ɗamara zagaye abu take yi, wannan kuwa janyo rufi yake ƙasa.

Sai na kai wa kafintan unguwarmu hoton. Ya buɗa shi da yatsu biyu, ya ce, "Malam, ai langalanga ce wannan." Ya ja ni wani kango ya nuna min: an binne gindinta cikin kankare, an lanƙwaso ta bisa katako, an bi ta da ƙusa. Nan take na tuna shekarar da iskar farkon damina ta ɗauke kwanon ɗakin kakata har da katakonsa, ta dire shi bayan gida. Ko langalanga ɗaya babu a ɗakin nan.

To ni dai na tsaya kan "langalangar rufi". Tasu daga masana'anta take zuwa a lanƙwashe, tamu kafinta ke lanƙwasawa, amma aikin ɗaya ne.

Saura "uplift". Iskar da ke wucewa ta bisa rufi zuƙo shi take yi sama, in kuma taga ta ɓalle ta shiga ɗaki, sai ta turo shi daga ciki. Mu kan ce iska ta yaye rufi, don haka na sa "ƙarfin yayewa".

Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku ma langalanga kafintocinku ke cewa?