MySQL yana mutuwa a kan ƙaramar saba, ina mafita?

Mai_Shafi: Assalamu alaikum. Shafina na WordPress yana kan VPS (sabar haya ta intanet) mai RAM 1GB, da Ubuntu, Apache (manhajar da ke miƙa shafi ga masu karatu) da MySQL 8 (rumbun bayanan shafin). Haka kawai sai ya nuna "Error establishing a database connection". In na sake kunna sabar ya dawo, bayan kwana biyu ya koma gidan jiya. Ina matsalar take?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa komai, buga `journalctl -k -b -1 | grep -i "killed process"`, domin ka ga abin da ya faru kafin kunnawar ƙarshe. In sunan mysqld (wato MySQL) ya fito, to RAM ce ta ƙare, Linux ya kashe wanda ya fi cin ta. Yi swap na 2GB, wato wani yanki na faifai da ke taimaka wa RAM in ta cika: `fallocate -l 2G /swapfile`, sai `chmod 600 /swapfile`, `mkswap /swapfile`, `swapon /swapfile`. Ka rubuta shi a /etc/fstab, in ba haka ba kana sake kunnawa zai ɓace.

Yar_Kwamfuta: Swap sassauci ne kawai, ɗan'uwa. MySQL ake kashewa, amma sau da yawa Apache ne mai laifin. A tsarin prefork na Apache, MaxRequestWorkers (iyakar ma'aikatan da ke amsa buƙatu a lokaci guda) yana zuwa a 150, kuma kowane ma'aikaci mai ɗauke da PHP kan ci wajen 50MB. Yi lissafi: 7.5GB a kan saba mai 1GB! Mayar da shi 8 ko 10. Sannan ka duba access.log, fayil ɗin da Apache ke rubuta duk buƙatun da suka shigo, in ka ga ana ta dukan xmlrpc.php da wp-login.php (ƙofofin shiga WordPress) ba ƙaƙƙautawa, ba masu karatu ba ne, masu cankar kalmar sirri ne. Toshe xmlrpc.php in ba ka amfani da shi. A mysqld.cnf, fayil ɗin saitin MySQL, kuma saka `performance_schema=OFF`, ka bar innodb_buffer_pool_size a 128M ɗinsa.

Dattijo: A duba `df -h` ma, a ga ko faifai ya cika. MySQL 8 yana ajiye binlog (rikodin duk canjin da aka yi a rumbun bayanai) na kwana 30 ba tare da ka sa shi ba, faifai na cika rumbun ya tsaya cak. Kwafin ajiya kuwa, sa cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ya riƙa gudanar da `mysqldump --single-transaction` kowane dare, a tura fayil ɗin wata na'ura daban. Wata-wata ka loda shi a rumbun gwaji ka tabbatar teburan wp_posts da wp_options sun dawo cikakku.