Firintar ofis ta daina karɓar aiki bayan sabunta Windows, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Firintar ofishinmu tana jone da kwamfuta ɗaya ta wayar USB, sauran kwamfutocin kuma ta cikinta suke turo aiki. Tun da aka sabunta Windows, waccan ɗayar kaɗai ke iya buga takarda. Sauran kuwa da an nemi haɗa su da firintar sai lambar kuskure 0x0000011b ta fito. Yanzu kowa da filashinsa a hannu yake bin layi a tebur ɗaya.

Na tsayar da Print Spooler (sashen Windows da ke jera ayyukan da aka tura wa firinta), na kwashe ayyukan da suka maƙale, na sake kunna shi. Na cire tsohon direban firintar (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da ita), na sauko da sabo daga shafin kamfanin firintar. Shiru kake ji.

Wani ya ce in shiga rajistar Windows (ma'ajiyar saitunanta) in mayar da saitin RpcAuthnLevelPrivacyEnabled zuwa 0. Hankalina bai kwanta ba, domin hakan kashe wani matakin tsaro ne, ga shi takardun albashi ta nan suke bi.

Firintar tana da kafar Ethernet, wato inda ake jona wayar netwok. Idan na jona ta da rauta, na ba ta tsayayyen adireshin IP, kowace kwamfuta ta haɗu da ita kai tsaye, matsalar za ta kau? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.